Layin da Muke Kiwo

Litinin, bayan an tashi aiki

Allah ya ƙara wa ilimi albarka. Shekara da shekaru ina zaune a taga ina karɓar saƙon mutane, in ɗora a sikeli, in manna takarda, in yanka rasit, ashe duk a duhu nake lalube. Yau kamfani ya kawo mana wata baiwar Allah da majigi da takalmi mai ƙwas-ƙwas, ta tara mu a ɗakin ajiya tsakanin buhuna da tsofaffin tayoyi, ta wanke mana ido tas. Ashe mutum na iya gama aikin yini kafin rana ta take. Ashe gaisuwa asara ce. "Ina kwana, ina gajiya, ya mai jiki," ɓarayi ne su uku, kullum hannunsu na cikin aljihun kamfani, mu kuma muna yi musu murmushi.

Ta ba mu dokoki. Haɗa aiki iri ɗaya ka yi shi a tashi guda. Kada ka taɓa kaya sau biyu. Shirya gobe tun yau. Muka yi tafi har Manaja ya share ƙwalla, ko da yake ina zargin ƙaiƙayin buhu ne ya shiga masa ido.

Ta kuma ce kowa ya riƙa rubuta yadda yininsa ya tafi, wai mai rubutawa shi ke gane inda lokacinsa ke yoyo. Nata zan rubuta mata a takardar da ta raba, da kyakkyawan hannu. Wannan nawa ne.

Baban Tagwaye yana gefena yana barci da ido buɗe, fasahar da ya ƙware a kanta tun kafin a haifi Mai Majigi. Da muka fito ya ce, "Ɗan Kasuwa, me ta ce?"

Na ce, "Ta ce mu daina gaisawa, Yaya."

Ya ce, "To, sai da safe." Sai ya kama bakinsa. "Af. Na yi sata."

Talata, lokacin cin abinci

Bari in rubuta yadda muke, ko don in ga abin da idona. Ofishinmu na aika saƙo ne, motocin kamfani su kai gari-gari. Taga biyu ce. Ta ɗaya ta Baban Tagwaye ce, yayan matata, wanda ya ɗauko ni ya kawo ni nan lokacin da kasuwa ta yi mini abin da ta yi. Ta biyu tawa.

Ranar da na fara, na zo da zafin kasuwa, ina sallamar mutane kamar ana rabon kyauta. Ya bar ni har azahar, sannan ya ja ni bayan kanta ya nuna mini sama. Ofishin Manaja a bene yake, gilashinsa na kallon ƙofar shigowa.

Ya ce, "Me yake gani daga can?"

"Ƙofa."

"Ba ya ganin guminka. Layi yake gani. Layin nan kiwonsa ake yi. In ya kai titi mutane su yi fushi, in ya gaza ƙofa na sama su fara tunani. Ka taɓa ganin alheri ya fito daga tunanin na sama?"

Tun ranar muke kiwo. In layi ya rame, sai sikeli ya fara gardama, a sake awo. Sai biro ya ɓace, a neme shi ƙasa da sama, a same shi a bayan kunnena. Sai in tambayi tsohuwa me ke cikin kwali, ta ɗauko mini labari tun daga haihuwar jikar da za ta aika wa. In ya yi ƙiba kuma, mu ɗan saki hannu. Ba mu taɓa sa kayan kowa ya kwana ba, mota ba ta taɓa tashi ta bar saƙo ba. Mai Shayi na bakin ƙofa a layin nan yake ci. Matar da ke sayar da kwali da salatif a nan take ci. Mu ma haka.

Na san sunan da za a ba wannan a majigi. Ban ce ba shi ba ne.

Laraba, da yamma

Direban babbar mota ya ce a wani reshen kamfanin, bayan Mai Majigi ta wuce, taga ɗaya aka toshe da katako. Direbobi maƙaryata ne, doguwar hanya ce ke sa su haka. Duk da haka na hau sama da wani rasit da ba ya buƙatar sa hannu, na ce wa Manaja, "Yallaɓai, wai ana wata magana."

Ya ce, "Ba a yanke komai ba tukuna."

A kasuwa, in mutum ya ce maka bai yanke ba tukuna, ya riga ya ga wani shagon.

Alhamis, da yamma

Mun je, mun dawo. 'Yata Auta ta yi ƙoƙari a asibiti, ba ta yi kuka ba sai wajen cire allurar. Kati ya yi aiki.

Katin nan ɗan roba ne shuɗi, da hotona a kai kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Kamfani ke ba cikakken ma'aikaci, shi da iyalinsa. In ka miƙa shi a asibiti, a buɗe maka ɗakin nan na ƙarshen baranda, a kwantar da 'yarka, a jona ta, ka zauna kana ba ta labari har a gama. In ba ka da shi, akwai wata taga daban da ake tura mutum. Na sha ganin fuskokin masu dawowa daga wannan tagar. Kowace Alhamis ne, kuma likita bai ce ga ranar dainawa ba.

Yaya ne ke riƙe mini taga kowace Alhamis da rana. Sai ya bar layi ya kai har titi, don Manaja ya tuna cewa ina da amfani.

Magatakardan asibitin ma yau biro yake nema. Yana bayan kunnensa. Ban tona masa asiri ba, sana'armu ɗaya.

Asabar, da hantsi

Yaya ya fi ni daɗewa. Manaja Baba yake ce masa. Shi ya san makullin kowace kwaba a ginin nan. In za a toshe taga ɗaya, ba sai an yi dogon bincike ba a san wacce.

Uwar Auta ta same ni zaune a bakin gado ta ce, "Tunanin me kake?"

"Aiki."

"Yau fa Asabar."

"Shirya gobe tun yau, in ji masu ilimi."

Tagwayen Yaya sun girma, lafiyarsu ƙalau, ƙafafu kamar turame. Wannan ba hujja ba ce. Na rubuta ne kawai.

Litinin, bayan an tashi aiki

Na isa tun mai gadi bai gama wanke fuska ba. Na yayyanka salatif na jera a bakin kanta. Na rubuta sunayen garuruwa a takardun mannawa, kowane gari da tarinsa. Biro na ɗaure shi da zare. Da aka buɗe ƙofa na fita da sikelin hannu na bi layi, kafin mutum ya iso taga an riga an auna kayansa, sai biya kawai.

Abin takaicin shi ne maganar matar nan gaskiya ce. Abin yana aiki. Hannuna ya tuna kasuwa, lokacin da nake ciniki da mutum uku a numfashi ɗaya, ina kuma sa ido a kan na huɗu kada ya ɗauke mini kwaɗon ƙofa. Har daɗi na ji. Wannan ne ban so rubutawa ba.

Wata tsohuwa da ta saba zuwa ta fara, "Ɗana, wannan na jikata ne, wadda na ce maka ta..." Na ce, "Allah ya raya, Mama. Na gaba." Ta tsaya riƙe da rasit tana kallona kamar na ƙwace mata wani abu.

Yaya bai juyo ba. Yana shafa takarda a kan kwali a hankali ya ce, "Ɗan Kasuwa, wa ya biyo ka?"

"Ba kowa, Yaya."

"To. Na ga kana gudu ne."

Talata, da azahar

Layi bai kai ƙofa ba. Na ga inuwar Manaja a gilashi, ta daɗe a tsaye.

Laraba, da yamma

Mai Majigi ta dawo ganin yadda shukarta ta yi. Ta tsaya a bayana, ina jin turarenta da ƙarar alƙalaminta. Ta ce, "Malam, a ina ka samo dabarar fita da sikeli? Ni ban koyar da wannan ba."

Na ce, "Ke kika kunna fitila, Malama, ni hanya kawai na gani."

Ta rubuta. Wallahi ta rubuta. Sai ta juya wajen Yaya. "Baba, kai fa?"

Ya ce, "Ni, 'yata, a hankali nake fahimta. Shi ya sa na daɗe."

Da na fito, Mai Shayi ya tare ni da ludayi a hannu. "Na taga biyu, me na tsare maka? Mutum ya shiga ya fito ruwa bai tafasa ba."

Na ce, "Zamani ne."

Ya ce, "Zamani yana da 'ya'ya? Ni ina da su."

Alhamis, da yamma

Mun je, mun dawo. Kati ya yi aiki. Yaya ya riƙe mini taga kamar kullum. Ya ba ni lemo a leda, ya ce na Auta ne.

Juma'a, bayan cin abincin yamma

Uwar Auta ta ajiye mini kwano da ƙarfin da ya wuce na ajiye kwano.

Ta ce, "Matar Yaya ta kira ni."

"Suna lafiya?"

"Ta ce wai kai ne gwani yanzu."

"Mutane da ƙari."

"Yayana ne ya ɗauko ka, Baban Auta. Kana kwance a ɗakin nan fuskarka na kallon bango ya zo ya ɗauko ka."

"Na sani."

"Ban ce ba ka sani ba."

Na so in ce mata ta je ta ɗaga hannun rigar yarinyar nan ta duba tabon allura, sannan ta dawo ta gaya mini wa zan zaɓa. Ban ce ba. Ita ce ke wanke hannun kullum.

Litinin, da yamma

Na fi makon jiya sauri. Ban ma yi niyya ba.

Talata, lokacin cin abinci

Kafin azahar babu kowa. Ban taɓa sanin falon nan yana da faɗi haka ba, ban taɓa sanin akwai agogo a bango mai ƙara ba. Na goge kanta. Na jera salatif. Na sake goge kanta. Mai Kwali ta leƙo ta ƙofa, ta dube ni, ta dubi bencinan da ba kowa, ta koma.

Yaya ya samu mutum ɗaya mai buhun tsofaffin takalma, ya riƙe shi kamar wanda ya samu ɗan'uwa a baƙon gari. Sun auna buhun nan har ya gaji.

Laraba, da yamma

An kira Yaya sama. Ya sauko, ya zauna, ya ci gaba da abin da yake yi.

Da la'asar kafinta ya zo da abin awo ya auna taga ta ɗaya, Yaya na zaune a cikinta. Ya ce, "Baba, ɗan matsa." Ya matsa.

Alhamis, da yamma

Mun je, mun dawo.

Juma'a, bayan an tashi aiki

Kayan Yaya duka a leda ɗaya suka shiga: kofinsa, ɗan matashin da yake zama a kai, da tabarau na biyu. Manaja ya sauko ya yi jawabi, ya ce Baba uba ne gare mu duka. Aka tafa.

Na bi shi waje. Ya zauna a bencin Mai Shayi ya ce a ba mu biyu. Na shirya magana tun safe, doguwa, mai kyau, irin wadda nake sayar da fitilar da ba ta kamawa da ita. Da na buɗe baki sai ya ɗaga hannu.

"Ka ɗauka ban san Alhamis ba? Ranar farko wa ya ɗauki Auta a kafaɗa ya hau da ita benen asibitin?"

Ya sauke hannunsa ya ci gaba.

"Ba gudun ne ya ɓata mini rai ba. Da ni ne kai, da na fi ka gudu. Amma da ka zo ka ce Yaya, ga halin da ake ciki, da na nuna maka yadda za ka fi ni ka bar layi da rai. Ka fi ni kaɗan, a ga bambanci, amma a ga mutane a ƙofa har yamma. Kai kuma ka tashi ka yanka dabbar gaba ɗaya don a ga kana da wuƙa."

Na ce, "Ai taga ɗaya suke so, Yaya. Sun samu."

Ya hura shayinsa. "Na sama sun fara tunani, Ɗan Kasuwa. Ka taɓa ganin sun tsaya a na farko?"

Shi ya biya shayin. Na yi ƙoƙarin hana shi, ya kalle ni, na mayar da hannuna aljihu.

Asabar, da rana

Kati na nan. Na ciro shi na duba, na mayar, na sake cirowa. Uwar Auta ta tafi gidan Yaya tun safe. Ta dawo ta wuce ni kamar kujera.

Litinin, da azahar

An kira ni sama. Daga gilashin nan na ga abin da Manaja ke gani: ƙofa a buɗe, rana a kan siminti, kyanwa tana wucewa.

Ya ce in zauna. Bai taɓa cewa in zauna ba.

Ya ce kamfani na alfahari da ni. Ya ce na nuna cewa aikin taga na rabin yini ne, don haka ana shawarar daga wata mai zuwa a riƙa buɗe ta da safe kawai, a rufe da azahar. Mai riƙe ta zai koma ma'aikacin wucin gadi. Ni za a fara bai wa, saboda cancanta.

Na ce, "Yallaɓai, na wucin gadi yana da kati?"

Ya gyara takardun da ke gabansa, waɗanda a gyare suke. Ya ce kati na cikakkun ma'aikata ne, ba shi ya tsara ba. Sai ya ce, da kyakkyawar zuciya, ina rantsuwa da kyakkyawar zuciya ya faɗa, "Ka ga ma ranar Alhamis ba sai ka nemi izini ba. Yammacinka naka ne."

Ya ce Babban Darakta zai zo Talata ta sama da la'asar ya gani da idonsa, sannan a sa hannu.

Ba a yanke komai ba tukuna.

Talata, da yamma

Na tsinke zaren biro. Na kwashe salatif ɗin da na yanka na dunƙule na jefar. Na ɓoye sikelin hannu a bayan tayoyi.

Ba amfani. Mutane sun koya. Kowa ya san yanzu in ya zo da safe zai fita nan da nan, sai su zo da sassafe, kaya a ɗaure, adireshi a rubuce, kuɗi a hannu. Ni na koya musu. Na ce wa wani sikeli na gardama, ya ce ya auna a gida.

Tsohuwar nan ta zo. Na ce, "Mama, sannu da zuwa, ina gajiya, ya gida, ya jikar tamu? Kin ce ta yi me?"

Ta ce, "Lafiyarta ƙalau. Na san kana sauri. Ba ni rasit."

Laraba, da azahar

Kyanwar ta dawo. Har ta kwanta a benci.

Alhamis, da yamma

Babu mai riƙe mini taga, sai Uwar Auta ta kai ta asibiti. Na zauna ina gadin falon da ba kowa, su suna can.

Sun je, sun dawo. Auta ta ce uwarta ba ta iya labari ba, kullum a tsakiya take tsayawa.

Lahadi, da la'asar

Na gaya wa Uwar Auta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce ai ga shi nan ba. Ta ce, "Alhamis nawa suka rage a watan?" Na ce biyu. Ta tashi ta ci gaba da ninke kaya, ta ninke wanda ta riga ta ninke.

Ina da dabara. Babban Darakta layi zai zo gani. To zai ga layi.

Litinin, bayan an tashi aiki

Na yi yawon da ban yi ba tun barina kasuwa. Mai Kwali za ta ba da aron kwalaye, mu sa duwatsu da tsumma, mu naɗe da salatif. Ta ce, "Sai yanzu ka san hanyar rumfata?" Na ce, "Uwata, yi haƙuri, yaro ne ya yi ɓarna." Ta ce, "Yaro da furfura."

Mai Shayi zai kawo ƙannensa da masu wankin mota na bayan tasha. Ya ce, "Me za mu ce in an tambaye mu?"

"Ba wanda zai tambaye ku. Ku tsaya kawai ku ɓata rai, ku riƙa duba agogo."

"Ba mu da agogo."

"Ku duba hannu. Daga sama ba a bambancewa."

Ni kuma zan ja mutum biyun farko har Darakta ya gaji ya tafi. Na gwada neman biro a gaban madubi. Har ya fara kuɓuce mini.

Talata, da magariba

Layi ya yi kyau. Ban taɓa kiwon mai kyau irinsa ba. Ya fita ƙofa, ya bi bango, ya lanƙwasa wajen tukunyar Mai Shayi. Kowa da kwalinsa, kowa ya haɗe rai yana duba hannu. Can baya na hango wani da rigar fita unguwa da ƙaramin kwali a hammata. Yaya ne. Ban gaya masa ba. Na san wadda ta gaya masa.

Babban Darakta bai hau bene ba. Wannan ne ban lissafa ba. Ya shigo ta cikin mutane, ɗan gajere mai sanyin murya, Manaja da Mai Majigi na bin sa, ya zagayo bayan kanta ya tsaya daidai kafaɗata. Ya dubi layi, ya dube ni ina laluben biro, ya ce wa Manaja, "Wannan ne gwanin da kuka cika mini kunne da shi?"

Mai Majigi ta ce, "Yallaɓai, ai gara da aka samu taro, ka gani da idonka. Malam, nuna masa."

In na ja, ni malalaci ne, a kawo wani. In na saki, duwatsu ne a cikin kwalayen.

Na ce, "Na gaba."

Ƙanen Mai Shayi ne. Ya ɗora kwali, na ce ina za shi, ya dubi Darakta, ya ce ya manta adireshin a gida, ya sunkuci kayansa ya fita. Na bayansa ya ce bari ya raka shi. Mai wankin mota ya ce ashe ba nan ne ofishin ba. Daga nan kamar an cire toshiyar kwata. Babu mai kuɗin aika dutse, kuma babu mai son a buɗe kwalinsa gaban mutum mai irin wannan takalmin. Suka zube, ɗaya bayan ɗaya, wasu ta ƙofa, wani ma ta ɗakin ajiya.

Saura Yaya.

Ya tako a hankali ya ajiye kwalinsa. Ya ce, "Malam, ina wuni. Ina gajiya. Ya aiki. Ya iyali. Ya mai jiki."

Na amsa masa ɗaya bayan ɗaya. 

Ya ce bai yarda da sikelin nan ba, a sake awo. Na sake. Ya ce a sake. Kwalin ba ya ko motsa allurar sikeli. Ya nemi tabarau a duk aljihunsa, suna kan goshinsa. Ya ce bari ya gaya mini wadda zai aika wa, wata 'yar ƙanwarsa ce, yarinya mai wayo, ranar da aka haife ta ana ruwa. Ya ɗauko labarin tun daga nan. Mutum ɗaya, ya tsaya shi kaɗai a falon nan yana riƙe mini layi da duk abin da ya sani. Manaja ya gane shi sarai, ya sa ido a kan silin.

Amma labari yana ƙarewa. Ya faɗi adireshin gidana, ya biya, ya karɓi rasit, ya ninke shi da kyau, ya tafi.

Babban Darakta ya dubi falo. Babu kowa, sai kwali ɗaya da wani ya yar a gudu. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin layi ya narke haka ba. Ya ce in da tsohon nan bai zo da surutu ba, da ko zama ba a yi ba an gama. Ya miƙo mini hannu.

An sa hannu a takardar kafin ya shiga mota.

Laraba, da azahar

Motar cikin gari ta kai kwalin gida. Babu komai a ciki. Auta ta huda masa taga biyu, ta ce ofis ne.

Alhamis, da yamma

Mun je, mun dawo. Kati ya yi aiki. Saura ɗaya.

Litinin, da azahar

An yi ɗan biki a ɗakin ajiya. An ba ni lambar yabo ta gilashi, mai nauyi, da sunana a jiki, da rubutun zinariya: Gwarzon Ƙwazo. Mai Majigi ta ce za ta riƙa ba da labarina a sauran rassa, har ta sa hotona a majigi ina riƙe da sikelin hannu. Ta ce akwai rassa da yawa masu taga biyu.

Mai kula da ma'aikata ta ce in tuna in kawo katin ranar Juma'a, kada ta yi ta bina.

Alhamis, da yamma

Mun je.

Akwai layi a wajen magatakarda, har baranda. Yana neman biro. Wani a bayana ya fara tsaki, yana cewa mutanen nan ba su san darajar lokaci ba. Na juya na ce masa, "Bar shi, malam. Ya san abin da yake yi."

Na ba Auta labarin har ƙarshe, na ƙara masa wani ƙarshen, don ba a gama ba. Da muka fito na tsaya na kalli ɗaya tagar, wadda ake tura marasa kati. Na karanta abin da aka manna a jikinta. Na karanta da sauri, ba tare da ɓata lokaci ba, kamar yadda aka koya mini.

Mun dawo. Lambar yabon na kan tebur, Auta ta sa ta a cikin ofishinta na kwali, wai ita ce Manaja. Gilashi ne mai kyau, ba ƙarya, har haske yake mayarwa. Alhamis mai zuwa yammacina nawa ne, tun daga azahar.

Ko akwai wanda ya san tagar da ake miƙa irin wannan lambar yabo a asibiti?